Maƙwabtan Rana a Cikin Taurari

Duk wanda ya saba tafiyar dare a ƙasar Birnin Gwari, wajen su Tabanni da sauran ƙauyukan da ke cikin daji, ya san yadda wuta ke ruɗin ido. Matafiyi ya kan hangi wuta biyu a gabansa, haskensu ɗaya, ya zaci nisansu ma ɗaya ne. Ashe ɗaya 'yar fitila ce a bakin bukka, taki ɗari tsakaninsu, ɗayar kuwa gobarar daji ce can bayan tudu, tafiyar yini guda. To, haka al'amarin taurari ya ke. Yawan hasken tauraro ba shi ke nuna kusancinsa ba, sai an auna kana a sani. Mun ga ya kamata mu tsaya a kan wannan magana, domin gobe mu ne za mu tsaya gaban yara, su tambaye mu wane tauraro ya fi kusa da mu. In muka nuna musu wanda ya fi ƙyalli ba tare da awo ba, mun koya musu kuskure, su kuma su koya wa na bayansu.

Da farko mu fid da Zara da Gamzaki daga lissafi. Su biyun abu ɗaya ne, wata duniya ce mai kewaya rana kamar tamu, ba ta da hasken kanta sai na aro. Tauraro na ainihi kuwa rana ne mai wutar kansa, nisa ne ya mai da shi ɗan ɗigo. Ranarmu ma tauraro ce, ita ce ta fi duka kusa, mil miliyan 93 ke tsakaninmu da ita.

Da ya ke mil ya yi kaɗan ga irin wannan awo, sai masana suka ɗauki gudun haske ya zama ma'auni. Haske na cin mil 186,000 cikin daƙiƙa guda. Daga rana zuwa gare mu ya kan yi minti 8 da 'yan daƙiƙoƙi. Nisan da ya ke ci cikin shekara guda shi a ke kira shekarar haske, watau wajen mil miliyan sau miliyan shida.

Ga yadda a ke awon. Mu miƙa hannu, mu ta da babban yatsa, mu rufe idon dama, sa'an nan mu buɗe shi mu rufe na hagu. Za mu ga yatsan ya yi tsalle a jikin bango. In muka jawo shi kusa da fuska tsallen ya ƙaru, in muka nisanta shi ya ragu. Duniya tana kewaya rana sau ɗaya a shekara, saboda haka in aka dubi tauraro yau, aka sake dubansa bayan wata shida, kamar an dube shi ne da ido biyu masu mil miliyan 186 tsakaninsu. Tauraron da ke kusa sai ya ɗan gusa a tsakanin na nesa, daga wannan gusawa a ke fid da nisansa. Amma fa gusawar ƙanƙanuwa ce ƙwarai: ta tauraro mafi kusa ba ta wuce faɗin tsohon kwabo da a ke hange daga mil biyu da rabi ba. Shi ya sa ba a ci nasarar awon ba sai a 1838, sa'ad da wani Bajamushe, Friedrich Bessel, ya auna wani ɗan tauraro da a ke kira 61 Cygni, wanda yanzu aka san nisansa shekarar haske 11 ne da ɗoriya. Daga 2013 zuwa 2025 kuwa wani kumbo na ƙasashen Turai mai suna Gaia ya yi wa taurari fiye da miliyan dubu irin wannan awo.

Maƙwabcinmu na farko shi ne Alfa Sentauri, nisansa shekarar haske 4 da wata 4. Mutanen Ingila ba su ganinsa daɗai, amma mu Allah Ya ba mu wannan rabo. Daga Tabanni, in aka fuskanci kudu da asuba cikin watan Fabrairu, ko bayan lisha cikin watan Yuni in babu hadari, za a ga taurari biyu masu haske a jere, sama da bakin ƙasa kamar taƙi guda in an miƙe hannu. Sai a nemi fili, ko a hau tudu, don itatuwa na iya tare su. Na hagu, wanda ya fi haske, shi ne Alfa Sentauri. Na dama kuwa, ko da ya ke ido na ganinsu kamar wa da ƙane, nisansa ya kusa shekarar haske 400.

Ido na ganin Alfa Sentauri ɗaya, amma madubin hangen nesa ya nuna biyu ne. Babban ya ɗan fi ranarmu girma da haske, ƙaramin bai kai ta ba, launinsa ya ɗan yi ja. Su kan kewaya juna sau ɗaya cikin wajen shekara 80. Akwai kuma na ukunsu, can gefe, wanda Robert Innes ya gano a Johannesburg ta Afirka ta Kudu a 1915. Sunansa Furoksima, watau mafi kusa, gama nisansa shekarar haske 4 ne da wata 3. Ga abin mamaki: wannan da ya fi kowane tauraro kusa da ranarmu, ido ba ya ganinsa ko kaɗan. Ɗan ƙarami ne ja, nauyinsa wajen kashi ɗaya cikin takwas na rana, wutarsa kamar garwashi. A 2016 aka gano wata duniya da ta ɗan fi tamu nauyi tana kewaya shi, shekararta kwana 11 ce kacal.

Na biye da su shi ne tauraron Barnard, shekarar haske 6, shi ma ɗan ja ne da ido ba ya gani. A 1916 Edward Barnard na Amurka ya lura ya fi kowane tauraro saurin sauya wuri a sama, duk da haka sai ya yi wajen shekara 180 kana ya ci faɗin wata. Bayansa akwai wasu tagwaye a shekarar haske 6 da rabi, waɗanda saboda ƙanƙanta wutar taurari ba ta kama a cikinsu sosai ba. Duhunsu ya sa ba a san da su ba sai a 2013. Sa'an nan sai Wolf 359, kusan shekarar haske 8, da Lalande 21185, 8 da 'yan watanni, dukansu ƙanana ne jajaye, ɓoyayyu ga ido.

Sai mun kai shekarar haske 8 da wata 7 mu ke sake samun maƙwabcin da ido ke gani. Shi ne Siriyus, wanda Larabawa ke kira Shi'ira, an kuwa ambace shi cikin Suratun Najmi. Duk daren Allah babu tauraro na ainihi da ya kai shi haske. Da hunturu, bayan magariba, mu bi layin taurarin nan uku da ke jere, mu gangara ta wajen kudu maso gabas, za mu ci karo da shi. Nauyinsa biyun na rana ne, haskensa kuwa wajen ninki 25. Tun 1844 Bessel ya ga yana tangaɗi cikin tafiyarsa, ya ce lalle akwai wani abu mai nauyi da ke jansa. A 1862 Alvan Clark ya gan shi: wani ɗan farin tauraro ne, ragowar wata tsohuwar rana da wutarta ta ƙare. Girmansa kamar duniyarmu, amma nauyinsa ya yi na rana. Su kan kewaya juna cikin shekara 50.

Kudu da Shi'ira akwai Suhailu, wanda ke bi masa a haske. Mai kallo sai ya ce maƙwabta ne, alhali Suhailu na can wajen shekarar haske 310, ƙarfin wutarsa ne da ya ninka na rana sau dubbai ya kawo shi idonmu. Masana sun ƙididdige cewa wajen uku cikin huɗu na taurari ƙananan jajayen nan ne, ba kuwa ko ɗayansu da ido ke gani. Watau yawancin maƙwabtanmu a ɓoye su ke, yawancin masu ƙyalli kuwa baƙi ne na nesa.

Kada kalmar maƙwabci ta ruɗe mu, gama hangen Dala ba shiga birni ba ne. Kumbon Voyager 1 da aka harba a 1977 yana gudun wajen mil 38,000 a sa'a guda, amma da wajen Furoksima ya nufa, sai ya yi fiye da shekara 70,000 a hanya.

Ga wata dabara da za mu iya yi da yara a filin makaranta. A ajiye ƙwayar dawa ɗaya a ƙasa, a ce ita ce rana. A auna kamu guda, watau inci 18, a ɗiga ɗan ɗigo da tsinin allura, duniyarmu ke nan. A auna kamu 30 daga ƙwayar, nan ne mazaunin Naftun, ta ƙarshe cikin duniyoyi takwas masu kewaya rana. Sa'an nan a tambayi yara inda za a ajiye ƙwayar Furoksima. Wani zai ce bakin kasuwa, wani ya ce bayan rafi. In sun gama, sai a gaya musu amsa: mil 76, watau kusan nisan Birnin Gwari da Kaduna. A sa kowane yaro ya yi lissafin da kansa a kan allo, kamu 268,000 a mai da shi mil, don kada ya karɓa saboda malam ne ya faɗa. Yaron da ya saba tambayar yadda aka auna abu kafin ya gaskata shi, ya sami abin da ya fi haddace sunayen taurari amfani. Allah Ya ƙara mana sani mai amfani, amin.