Injiniya Daga Gagarawa Na Neman Aikin Gwamnati

Wani mai sauraronmu daga Gagarawa, injiniya ne, yana tambaya: yaya zai cancanci samun aikin ba da shawara a kwangilolin gwamnati?

To Malam, digiri kaɗai ba ya wadatarwa. Sai hukumar kula da aikin injiniya, COREN, ta yi maka rajista, kamar yadda akanta ke bukatar shaidar ICAN ko ANAN. Daga nan ka yi wa kamfaninka rajista a hukumar rajistar kamfanoni, CAC, ka samu lambar haraji da takardar shaidar biyan harajin shekara 3. A Jigawa, ofishin Due Process da ke Dutse ne ke rajistar 'yan kwangila. Aikin tarayya kuwa na ƙarƙashin dokar kwangilolin gwamnati ta 2007 ne, wadda ta kafa hukumar BPP, kuma a nan za a nemi takardun shaida daga hukumomin PenCom, ITF da NSITF.

Abin da ya fi kayar da sababbi shi ne rashin shaidar ayyukan baya. Ko rijiyar burtsatse ka sa wa ido a Maigatari ko Sule Tankarkar, don Allah karɓi takardar kammala aiki ka adana. In ba ka da ko ɗaya, haɗa gwiwa da gogaggen kamfani ku nema tare.