DARASI: Wayar Hannu Da Hidimar Tsofaffinmu



Ya ku ɗalibai da iyaye masu daraja, darasinmu na wannan fitowa ya shafi kakanni da iyayen da girma ya kama, da yadda za mu yi amfani da waya da sauran na'urorin zamani wajen yi musu hidima. A Suratur Rum, aya ta 54, Allah Ya nuna mana cewa mutum yana farawa da rauni, ya sami ƙarfi, sannan ya koma ga rauni da furfura. A Suratul Isra'i kuma, aya ta 23 da ta 24, Ya hana mu nuna wa iyaye ƙosawa ko da da kalma ɗaya idan tsufa ya riske su a wurinmu. Wannan wajibi bai canza ba, kayan aikin sauke shi ne suka ƙaru. Tun da wayar salula ta shigo Nijeriya a 2001, da wuya ka sami gidan da babu ita, kuma sau da yawa jika ne ya fi kowa sanin kanta a gidan. To, wannan sani amana ne a wuyansa. Ga hanyoyi biyar na sauke ta.

1. Tunatar da shan magani

Tsoho mai hawan jini ko ciwon suga yakan sha magani kullum, wani kala biyu, wani uku. Mantuwa kan sa ya tsallake, ko ya sha sau biyu. Kowace waya, har ƙaramar nan mai madannai, tana da ƙararrawa. Sai a tambayi likita lokutan shan kowane magani, a saita ƙararrawa a kansu. Idan likita ya yarda, a haɗa lokutan da salloli, kamar bayan Asuba da bayan Isha'i, domin tsoho ba ya manta salla. A kemis ana samun ɗan akwatin magani mai gida bakwai, kowace rana da gidanta. A cika shi ranar Juma'a, duk wanda ya duba zai gane ko an sha na yau.

Amma ku lura, ƙararrawa ba ta miƙa ruwa. Idan ta kaɗa, wani ne zai tashi ya kai kofi, ya tsaya har a haɗiye. Nan wasan jika da kaka yake da rana. Abin da ɗa zai ji nauyin faɗa wa mahaifiyarsa, jika zai faɗa cikin raha: "Hajiya, yau ma ɓoye ƙwayar za a yi a ƙarƙashin filo?" Ta yi dariya, ta ce masa ja'iri, ta sha.

2. Awon jini da suga a gida

Hawan jini yakan daɗe a jikin mutum bai ji komai ba, sai dai a wayi gari ɓarin jiki ya shanye. Shi ya sa na'urar awo mai batir take da amfani a gida, kuma wadda ake ɗaurawa a damtse ta fi ta wuyan hannu inganci. Kafin awo, tsoho ya zauna ya huta minti 5, ya jingina bayansa, ƙafafunsa a ƙasa, hannunsa a kan tebur daidai ƙirji, ban da magana. Kada ya ci goro ko ya sha shayi ko taba minti 30 kafin awon. Na'urar za ta nuna lamba biyu, ta sama da ta ƙasa. A ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya, idan awo ya kai 140 a sama ko 90 a ƙasa a ranaku biyu daban-daban, hawan jini ne. Idan ya kai 180 a sama ko 120 a ƙasa, ga kuma ciwon kai mai tsanani ko ciwon ƙirji, a nufi asibiti nan take.

Haka na'urar awon suga. Idan ta nuna ƙasa da 70, ko ƙasa da 3.9 a irin wadda take ƙirga da ƙananan lambobi, suga ya sauka da yawa. In yana cikin hayyacinsa a ba shi ruwa da sukari. In ya suma, kada a ɗura masa komai a baki, a kai shi asibiti. Mai wannan ciwo ya ga likita kafin Ramalana, ya kuma sani cewa likitoci sun ce a karya azumi idan awo ya sauka haka. Shari'a ta yi wa maras lafiya rangwame, kamar yadda ya zo a Suratul Baƙara, aya ta 184 da ta 185.

Aikinka, ya kai ɗalibi, shi ne ka sami littafi na musamman, ka riƙa rubuta kwanan wata da lokaci da lambar da ta fito, da boko ko da ajami. Ranar ganin likita a tafi da shi. Kada kowa ya ƙara magani ko ya rage saboda wani abu da ya gani a intanet ko aka turo masa a waya.

3. Haɗa kan 'ya'ya na kusa da na nesa

Sau da yawa 'ya'ya sun watsu neman abinci, wani yana Legas, wani Abuja, wata tana aure a Maraɗi, sai a bar wa mutum ɗaya duk wahalar jinya, galibi 'ya mace ko suruka. Wannan ba adalci ba ne. Hannu da yawa maganin ƙazamar miya. A buɗe zaure a WhatsApp na 'ya'ya kaɗai, a raba aiki a fili: wane zai biya kuɗin maganin wannan wata, wane zai kai Baba asibiti ranar Talata, wance za ta zo ta karɓi mai jinya ta huta kwana biyu. Tsohon da ba ya karatu a koya masa sauraron saƙon murya, a riƙa yi masa kiran bidiyo ya ga jikokinsa.

Sai dai a kiyaye mutuncinsa. Kada a ɗauki hotonsa yana kwance cikin rauni a yaɗa da sunan neman addu'a ba tare da izininsa ba. Asirin jinyarsa amana ne.

4. Tsare dukiyarsu daga 'yan damfara

Macuta sun gane cewa tsofaffi suna da saurin yarda. Sai su kira, su ce daga banki ne, an rufe asusun fansho, a faɗo lambar BVN ko lambar sirri ta kati, ko wasu lambobi da aka turo yanzu a saƙo. Wani kuma ya ce ɗanka ya yi haɗari, a turo kuɗi maza. Ku gaya wa kakanninku da babbar murya: banki ba ya tambayar lambar sirri a waya. Duk wanda ya kira da irin wannan magana a kashe, a kira ɗaya daga cikin 'ya'ya a tabbatar. Kai kuma da aka aminta da kai aka ba ka kati ka je wurin mai POS, ka ji tsoron Allah. Ka kawo kuɗin cif tare da rasit. Naira ɗaya da ka ɗauka ba da izini ba ha'inci ce.

5. Shirin ko-ta-kwana da ɗebe kewa

Faɗuwa cikin dare tana karya tsofaffi, ƙashin tsoho kuwa ba ya saurin haɗewa. Fitila mai caji da hasken rana a ɗakinsa da hanyar bayi tana rage wannan haɗari. A bar waya da caji kusa da shimfiɗarsa, a saita ta yadda danna lamba ɗaya zai kira mai kula da shi. A Nijeriya lambar gaggawa ita ce 112, amma a ajiye har da lambar maƙwabci mai mota ko mai keke Napep. Idan kuka ga baki ya karkace, ko hannu ɗaya ya saki, ko magana ta sarƙe, ku ruga asibiti, domin kowane minti yana da tsada. Wanda gigin tsufa ya kama kuwa, a sa takarda mai lambar wayar gida a aljihunsa, ko da zai fita ya kasa gane hanya.

Tsohon da idonsa ya yi rauni, a zuba masa karatun Alƙur'ani da tafsiri a ɗan katin rediyo, ya riƙa saurare.

Nasiha

Ya ku ɗalibai, ya zo a Sahihu Muslim cewa Annabi (S.A.W.) ya yabi Uwaisul Ƙarni, mutumin Yaman, saboda biyayyarsa ga mahaifiyarsa, har ya umurci sahabbai su nemi ya roƙa musu gafara. Ku duba wannan daraja. Turo kuɗi alheri ne, kiran waya ma alheri ne, amma Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take. Babban rashin ladabi ne ka zauna gaban kakarka tana magana, kai kuwa idonka yana kan waya. Idan ka shiga gaishe ta, sa wayar a aljihu, ka matsa mata ƙafa, ka saurari labarinta ko da ka ji shi sau goma.

Tambayoyi

1. Kawo sura da ayoyin da suka hana nuna wa iyaye ƙosawa.
2. Me tsoho zai yi kafin a auna jininsa?
3. Faɗi alamomi uku na shanyewar ɓarin jiki.
4. Me za ka gaya wa kakanka idan aka kira shi ana neman lambar sirri?

Aikin gida: kowane ɗalibi ya zaɓi ɗaya daga cikin hanyoyin nan biyar ya aikata a gidansu ko gidan maƙwabta a wannan mako, ya zo ya ba malaminsa bayani.

Allah Ya ji ƙan iyayenmu, Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya sa mu gama da su lafiya, amin.