Kasuwar wutar lantarki a Faransa: mai gida ke zaɓen mai saida masa

A biranen Nijar, mai son kuran a gidansa wurin NIGELEC yake zuwa. An kafa kampanin nan a 1968. Haka Faransa ma take a da. Tun 1946 kampanin gwamnati mai suna EDF ke yin wuta, shi ke kai ta, shi ke amsar kuɗi. Sai ƴan garuruwa, kamar Grenoble da Metz, da suka riƙe kampanin wuta na garinsu.

Ranar 1 ga watan Yuli 2007 doka ta sake. Aka buɗe kasuwar wuta ga magidanta. Daga ranar nan kowane mai gida yana iya zaɓen kampanin da zai saida masa wuta.

Wani zai ce: to, kowane kampani sai ya kafa nasa turaku? A'a. Waya guda ce, kamar yadda hanyar kasuwa guda ce ko da motoci sun yi yawa. Kampanin Enedis ke kula da wayoyi a kusan kashi 95 cikin 100 na ƙasar. Sauran suna hannun kampanonin gari. Idan iska ta tsinke waya, mai wayar ke zuwa gyara, ko wa ke saida wa mutum wuta. Ma'aunin wuta na jikin bango ma ba a taɓa shi. Abin da ke sakewa shi ne sunan da ke saman takardar biya, da farashi.

Takardar biya tana da kuɗi iri uku: kuɗin wutar kanta, kuɗin kai ta cikin waya, da haraji. Biyun ƙarshe hukuma ke yanke su, ɗaya ne ga kowa. Na farko kaɗai ake ciniki a kai. Saboda haka mai cewa zai rage wa mutum rabin takardarsa, a dube shi da kyau.

Sake kampani kyauta ne, kuma ba a yanke wuta ko na dare guda. Sabon kampani ne ke sallamar tsohon. Akwai kuma farashin da hukuma ke yankewa, wanda EDF da kampanonin gari ke saidawa. Mai gidan da ya bar shi yana iya komawa ran da ya so.

Amma kasuwa ba ta rasa ƴan wayo. An ga masu bin gida gida suna cewa a nuna musu takardar biya, wai dubawa za su yi. Sai su kwashe lambar ma'auni, su miƙa takarda a sa hannu. Tsofaffi da yawa sun sa hannu ba su karanta ba, sai suka wayi gari a hannun kampanin da ba su sani ba. Doka ta ba irin wannan mutum kwana 14 ya ce ya fasa.

Gwaji mai tsanani ya zo a 2021 da 2022, lokacin da gas ya yi tsada a Turai. Wasu kampanoni suka rufe. Wasu suka ɗaga farashi sama ƙwarai. Waɗanda suka sa hannu a farashi mai bin kasuwa sun ji jiki. Masu farashin hukuma sun samu sauƙi, don gwamnati ta tsaida ƙarinsa a kashi 4 cikin 100 a watan Fabrairu 2022.

Su kuwa mutanen garuruwa masu kampaninsu, doka ta ba su zaɓi kamar kowa. Sai dai ƴan kasuwa kaɗan ke zuwa can, don masu saye ba su da yawa. Galibinsu har yanzu kampanin garinsu ke ba su wuta.