Maganin Sassauta Tsoka A Lokacin Tiyata: Abin Da Ya Kamata Kowa Ya Sani

Jama'a, sau da yawa mutum yakan ƙi yarda a yi masa tiyata don tsoron kada a sa shi barci ya ƙi farkawa. Saboda haka muka ga ya dace mu bayyana muku wani sashe na aikin likitan sa barci, da irin taimakon da yake bukata daga gare ku.

Mene Ne Wannan Magani?

Idan za a yi babban aiki, kamar na ciki ko na ƙirji, akan ba majinyaci magani iri uku: na barci, da na kashe zafi, da na sassauta tsoka. Na ukun yana hana saƙon jijiya isa ga tsoka, sai jiki ya saki, likita ya sami damar aiki. Shi kaɗai ba ya sa barci, ba ya kuma kashe zafi, don haka sai an haɗa shi da sauran biyun.

Asalinsa dafin kibiya ne na maharban Kudancin Amurka, wanda ake kira curare. A shekarar 1942 Dokta Harold Griffith da Dokta Enid Johnson suka yi amfani da shi wajen tiyata a birnin Montreal na Kanada. A yau akwai irinsa da dama, kamar suxamethonium mai kamawa cikin minti 1 ya sake bayan minti 5 ko kusa da haka, da atracurium da rocuronium masu daɗewa fiye da shi.

Ina Haɗarinsa?

Tsokokin numfashi ma sukan saki. Shi ya sa ake zura bututu a maƙogwaro, na'ura ta riƙa yi wa majinyaci numfashi. In aka cire bututun alhali da sauran magani a jiki, numfashi zai yi rauni, ko amai ya kwarara cikin huhu.

Yadda Ake Aunawa

Likita yakan manna wayoyi biyu a wuyan hannu, ya aika ɗan ƙaramin lantarki sau 4 cikin daƙiƙa 2, yana lura da motsin babban yatsa. In yatsa bai motsa ba, magani ya kama sosai. In ya fara motsi, ƙarfin maganin na raguwa ke nan, sai a ƙara idan aiki bai ƙare ba. Likitocin Liverpool ta Ingila ne suka fito da wannan dabara a 1970. Ƙa'idar yau ita ce kada a cire bututu sai ƙarfin motsi na huɗu ya kai kashi 90 cikin 100 na motsin farko. Akwai kuma alluran warware maganin, irin su neostigmine da sugammadex.

Naku Aikin

1. Ku gaya wa likita idan wani a danginku ya taɓa daɗewa bai dawo da numfashi ba bayan tiyata, ko zazzaɓi mai tsanani ya rufe shi ana cikin aiki. Waɗannan abubuwa biyu gadonsu ake yi.
2. Ku ambaci ciwon ƙoda, ko na hanta, ko asma, ko raunin tsoka, in kuna da shi.
3. Kada ku ɓoye wani magani da kuke sha, na asibiti ko na gargajiya.
4. Ku daina cin abinci awa 6 kafin aiki. Kunu, koko da madara duk abinci ne. Game da ruwa zalla, ku bi umarnin likita.
5. In kun ji ciwon jiki kwana ɗaya ko biyu bayan aiki, suxamethonium kan jawo haka, yakan kuma wuce. Amma wahalar numfashi ko ta haɗiya, a sanar da ma'aikatan jinya nan take.

Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba. Allah ya ƙara mana lafiya, amin.