Darasi: Shirun 'Yar Uwarki Ba Girman Kai Ba Ne

A kowane taron suna za ki ga mace guda ta rakuɓe bakin ƙofa, daga "ina wuni" ba ta ƙara cewa uffan. Kafin a watse an yanke mata hukunci, wai miskila ce. Daga nan sai a daina kai mata goron gayyata, ranar da ta kwanta ciwo ma babu mai leƙa ta.

Shiru iri-iri ne. Akwai na alkunya, irin na amarya gaban surukarta, wannan lokaci ke maganinsa. Akwai mai in'ina da ke gudun dariya. Manya kusan 1 cikin 100 suna da ita, kuma Annabi Musa (AS) kansa ya roƙi Allah ya warware masa ƙullin harshe, kamar yadda ya zo a Suratu Ɗaha. Wata kuwa kunnenta ne ba ya ji sosai, hayaniya na haɗe mata maganganu.

Wanda ya fi damuna shi ne shirun firgita. A watan Agustan 2019 'yan bindiga suka shiga Wurma da dare suka tafi da mata, kuma hare-hare irin wannan sun sa iyalai da dama komawa Kurfi da Dutsin-Ma. Macen da ta ga irin wannan dare, ko ta baro gidanta ta zauna a ɗakin aro, ba lalle ta dawo da bakinta na da ba. To, don Allah kada ki tsare ta da "me suka yi maki?" Wallahi wannan tambayar ba jaje ba ce, son jin labari ne.

Ki je mata ke kaɗai, ba cikin ayari ba. Ki riƙo aikin hannu, ɓarar gyaɗa ko tsintar wake, ko ki ce kitso kika zo yi mata. Idan hannu na aiki, ido ba ya kan fuska, magana ta fi saurin fitowa. In ta fara, kada ki ƙarasa mata zance, kada kuma ki kai shi gaba. In ba ta ce komai ba, ki yi sallama ki dawo jibi.

Idan shirun ya haɗu da rashin barci, yawan zabura ko ƙin abinci har makonni, ki samu maigidanta ko uwarta cikin hikima, a raka ta Babban Asibitin Dutsin-Ma likita ya duba ta.