Amsoshin Wasiƙunku: Turancin Jarrabawa

 Masu sauraro, wasiƙu sun cika mini tebur yau, kuma fiye da rabinsu kan Turancin jarrabawa suke, don haka mu yi bismillah tun lokaci bai ƙwace mana ba.

Ta farko daga wata ɗaliba ce a Salka, ƙaramar hukumar Magama. Ta ce a wata tsohuwar takardar jarrabawa an rubuta "One of the boys", aka bar gurbi, aka ce ta cike da "is" ko "are". Ta zaɓi "are" tunda yaran suna da yawa, malaminta ya zabga mata jan biro. Tana tambaya, ina laifinta?

Ƙanwata, kunnenki ne ya yaudare ki. Ya ji "boys" daf da gurbin, sai ya bi shi. Mayar da zancen Hausa ki gani: ɗaya daga cikin yaran ya zo. Kin taɓa jin an ce ɗaya daga cikin yaran sun zo? Maganar a kan mutum ɗaya take, sauran yaran rakiya suka yi masa. Ga dabara: ki sa babban yatsanki ki rufe "of the boys", ki karanta abin da ya rage. Nan take "is" zai fito miki fili. Masu tsara tambayoyin nan da gangan suke cusa kalmomi tsakanin mai aiki da aikinsa, don su ga wa zai yi gaggawa.

Kuma kada ki raina kanki. Yawancin yaran Salka da Kambarci suke tashi a gida, su ci kasuwa da Hausa, su shiga aji su tarar da Turanci. Yarinyar da ta riƙe harshe biyu tun tana goye, na uku ba zai gagare ta ba, in sha Allahu. Wasiƙarki ta faranta mini rai, don kin nemi dalili, ba amsa kawai ba.

To amma akwai inda Hausar take kai mutum ta baro. Ga wani ɗalibi daga Ibeto, ya ce me ya sa "She has eaten, isn't it?" kuskure ne, alhali haka yake ji ana faɗa? Ɗan'uwa, mu a Hausa "ko ba haka ba?" hula ce mai shiga kowane kai. Ta ci abinci, ko ba haka ba? Za su zo, ko ba haka ba? Turanci kuwa kowace jimla da wutsiyarta. Ka koma farkon zancen ka ɗauko ɗan mataimakin aikin, ka juya shi: "hasn't she?" In akwai korewa a gaba, wutsiya ba ta ɗauka: "He didn't come, did he?" Ka kuma yi hattara da "never" da "hardly", korewa ce a ɓoye. Haka kuma a Hausa muke cewa shawarwari da bayanai da kayayyakin ɗaki, amma "advice" da "information" da "furniture" ba a liƙa musu "s". Malaman Turanci da nake zantawa da su kan ce waɗannan kalmomi uku sun kayar da ɗalibai masu ƙoƙari ba adadi.

Wani bawan Allah daga Auna yana neman inda ake samun amsoshi kafin ranar jarrabawa. Malam, babu wannan a shirin nan, ka ji tsoron Allah ka buɗe littafi.

Kai jama'a, "its" da "it's" kuma? Mako uku ke nan a jere ina amsa wannan. To, a karo na ƙarshe: mai ɗan waƙafi rataye a sama gajarta "it is" ne ko "it has". Marar waƙafi shi ne na mallaka, kamar ka ce akuya ta karya ƙafarta. Ka warware shi ka karanta. In "it is" ko "it has" ya zauna daram, sa waƙafi, in bai zauna ba, bar shi. Don Allah a rubuta a bangon littafi.

Wata uwa daga Nasko tana tambaya ko dole ne sai ɗanta ya ci Turanci, tunda likitanci yake so. Hajiya, dole ne. Ko WAEC ce ko NECO, wadda hedikwatarta ke nan Minna tun kafa ta a 1999, jami'a za ta nemi kiredit a Turanci. A JAMB kuwa tambayoyi 180 ne cikin awa biyu, 60 daga ciki na Turanci. In an raba, daƙiƙa 40 ke nan kowace tambaya, kuma tun 2015 da kwamfuta ake yi.

Ana ɗaga mini hannu ta bayan gilashi, lokaci ya cika. Iyaye, ina roƙonku, ku samar wa yaran nan inda za su taɓa kwamfuta ko sau biyu ne kafin ranar jarrabawa. Wasiƙun da suka rage sai mako mai zuwa, idan Allah ya kai mu. A huta lafiya.