Sanyin Hannu Da Ƙafa: Ba Hunturu Kaɗai Ba Ne

A watannin Disamba da Janairu, hunturu yakan tsananta a Safana da Batsari. Amma idan hannu da ƙafa suna sanyi ko da rana, ga kasala ga jiri, wataƙila ƙarancin jini ne. Ya fi kama masu ciki da yara. Zazzaɓin cizon sauro da tsutsar ciki suna jawo shi.

Wake, zogale, alayyafo, hanta da nama suna ƙara jini. Shan lemo ko cin gwaba tare da abinci yana taimakawa. Shayi kuwa yana rage amfanin abincin, a jinkirta shi awa 1. Taba tana matse hanyoyin jini, a bar ta.

Idan cikin fatar ido ya yi fari, a je asibiti a gwada jini.